Shehu Muhammadu Alkashinawi, Bakatsinen da ya koyar da hisabi a Misra



Ya kai ɗalibi, da kai mahaifi ko mahaifiya da aka kawo wa wannan mujalla har gida, a wannan fitowa za mu ba ku tarihin wani malamin ƙasarmu wanda mutanen Misra suka riga mu rubuta labarinsa. Abin da ya sa na zaɓe shi kuwa, kwanan baya ina karantar da babin gado, na rubuta sudusi da sumuni a allo na ce a haɗa mini su, sai wani yaro ya ce shi fa bai zo Islamiyya don lissafi ba, lissafi na boko ne, da safe ake yinsa. Aji ya fashe da dariya, ni ma na dara. Amma da na koma gida maganar ta tsaya mini a rai, don na san ba shi ya ƙirƙiro ta ba, a bakin manya ya ji ta. To, ga wanda zai ba shi amsa a madadina.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillace, Bakatsine. Larabawa suna rubuta shi Alkashinawi, domin a haruffansu babu baƙin da muke rubuta tsa da shi a ajami, sai suka sa shinun a madadinsa, Katsina ta koma Kashina. Ana kuma jingina shi ga Ɗanranko, wani gari na ƙasar Katsina. Ka ga kuwa ba nesa ba ne da mu, wanda ya bar Zurmi ya bi ta Gurbin Ɓaure ya faɗa Jibiya ai ya taka ƙasar da wanga bawan Allah ya tashi. A zamaninsa, wato farkon ƙarni na 12 na Hijira, Katsina babbar kasuwa ce ta fataken Sahara, ayari na shigowa daga Agadas da kaya iri iri, har da takarda da littattafai. Gari ne kuma na malamai tun kafin a haife shi, garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani wanda ya rasu a 1667, garin da hasumiyar Gobarau ke tsaye har yau. Ka riƙe wannan da kyau, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754 aka haife shi, shekara 13 bayan rasuwar Alkashinawi. Ashe karatu mai zurfi ya daɗe a ƙasar Hausa tun gabanin jihadi.

Mafi yawan labarinsa mun same shi ne ta hannun Abdurrahman Aljabarti, babban marubucin tarihin Misra, a littafinsa Aja'ibul Asar. Shi Abdurrahman bai riski Shehun ba, an haife shi bayan rasuwarsa da shekara goma sha. Amma a gidansu Shehu ya rasu, littattafansa kuma a hannun mahaifinsa suka zauna, kamar yadda za ka ji a gaba.

Malamansa

Mutum huɗu aka ambata cikin waɗanda ya ɗauki karatu wurinsu tun yana ƙasarmu: Shehu Muhammadu Alwali ɗan Sulaimanu na Bagarmi, da Shehu Muhammadu Bindu, da Shehu Hashimu, da Shehu Muhammadu Fodu. Na ƙarshen nan shi ne wanda Allah Ya fara buɗa masa karatu a hannunsa. Ya lizimce shi wajen shekara 4, in yana gida yana tare da shi, in ya yi tafiya ya bi shi, ya karanci sarfu da nahawu da mafi yawan littattafan adabi. Ya haddace Maƙama haddar da in aka ambaci kalma ɗaya daga cikinta, nan take zai kawo maka wadda ta gabace ta ba tare da ya tsaya tunani ba. Ku da kuke harda kun san abin da ake nufi, ci gaba daga inda aka ja maka baki abu ne mai sauƙi, komawa baya shi ne aiki. Saboda haka malamin ya riƙa kiransa mai Maƙama, da kuma ya ƙware a nahawu sai ya sauya masa laƙabi ya koma kiransa Sibawaihi.

Akwai wata ɗabi'a tasa da nake so ɗalibanmu su ji. Ya faɗa game da kansa cewa cikin ni'imomin da Allah Ya yi masa, bai taɓa karatu da littafin aro ba. In zai fara wani littafi da ba shi da shi, sai ya zauna ya kwafe mataninsa da hannunsa, ya bar fili mai faɗi tsakanin layi da layi don ya riƙa rubuta abin da ya tsinta a sharhi ko ya ji a bakin malami. In kuma hali ya yi, har sharhin da hashiyar yake kwafewa. Wannan a zamanin da takarda sai ta haye Sahara a bayan raƙumi. Mu kuwa yau yaro zai zo aji da biro babu littafi, ko da littafi babu biro, a tambaye shi ya ce ƙanensa ya ɗauka.

Wurin Shehu Muhammadu Bindu ne ya ɗauki abin da ya sa muke maganarsa yau. A can ya karanci usulu da balaga da manɗiƙi da littattafan tauhidi na Sanusi, ya saurari Buhari, ya saurari kashi uku cikin huɗu na Muhtasar ɗin Shehu Halilu, ciki har da abin da ya kama daga babin ijara zuwa ƙarshen littafi. Wanda ya san Muhtasar ya san babin da aka rufe littafin da shi, babin gado ne. Sa'an nan ya ɗauki ilmin hisabi da ilmin sanin lokuta a kan tafarkin Magaribawa, da ilmin haruffa da aufaƙi, wato abin da mu muke ce wa hatimi. Ka lura, malami ɗaya, a zaure ɗaya, shi ya ba shi Buhari shi ya ba shi hisabi. Ba a ce masa wannan na safe ne wancan na yamma ba.

Hisabin Magaribawa da guntun adadi

Wane irin hisabi ne ake nufi da na Magaribawa? Shi ne wanda malaman Maroko da Andalus da Tunis suka tsara, irin su Ibnul Banna na Marrakish wanda ya rasu a 1321, mai littafin Talhisu A'amalil Hisab, da Alƙalasadi wanda ya rasu a 1486, malamin Malikiyya ne masanin gado. Babban ɓangare na littattafansu a kan kasru yake, wato guntun adadi, abin da bai kai ɗaya ba ko ya faɗa tsakanin cikakken adadi da mai bi masa. Ɗan layin nan da kake ja a boko, ka sa 3 a sama 4 a ƙasa, mafi daɗewar littafin da aka same shi a ciki na wani malamin Magrib ne mai suna Alhassar, a ƙarni na 12 na Miladiyya. Wani Ba'italiye da ake kira Fibonaci ya koyi lissafi a Bijaya ta ƙasar Aljeriya, ya sa wannan layi a littafinsa na 1202, daga nan ya bazu a Turai. Na saman layi sunansa basɗu, na ƙasa sunansa maƙamu. Maƙamu yana gaya maka gida nawa aka raba abu, basɗu yana gaya maka gida nawa ka ɗauka.

Larabci yana da sunaye tara na guntaye, Hausa kuma ta ari mafi yawansu: rabi, sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, subu'i, sumuni, tusu'i, ushuri. Ana iya jingina wani ga wani, kamar yadda muke yi a zakka. Gonar da ruwan sama ya shayar ushuri ake fitarwa, 1/10. Wadda aka sha wahalar ban ruwa rabin ushuri, 1/20. Kuɗi kuwa rubu'in ushuri, 1/40. Rabon gado da Allah Ya yanka a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176, guda shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, da sudusi. Tambayar da na yi wa ajina ma daga nan ta fito, uwa tana da sudusi mata tana da sumuni idan mamaci ya bar ɗa. Ba a haɗa su sai an nemo gidan da 6 da 8 duk suke shiga, shi ne 24. Sudusinsa 4, sumuninsa 3, an haɗa ya zama 7/24, saura 17/24 na 'ya'ya.

Yanzu ga inda abin yake da daɗi. Mace ta rasu ta bar miji da uwa da 'ya'ya mata biyu. Miji rubu'i, uwa sudusi, 'ya'ya mata sulusi biyu. Asalin mas'ala 12 ne. Miji 3, uwa 2, 'ya'ya mata 8. Haɗa mana. 13 ke nan, rabo ya fi dukiya yawa. Wannan shi ne aulu, wanda aka fara hukunci da shi a zamanin Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, kuma a kansa mazhabarmu take. Sai a raba dukiyar gida 13 maimakon 12, kowa ya ɗanɗani ragi gwargwadon rabonsa. In abin da ya saura bayan biyan bashi da wasiyya naira 130,000 ne, kowane gida 10,000, miji 30,000, uwa 20,000, 'ya'ya mata 40,000 kowacce. Wanda bai iya wannan ba, sai ya ba miji cikakken rubu'i, 32,500, ya ba uwa cikakken sudusi, ya tura wa marayu ragowa, ya ci haƙƙinsu yana tsammanin ya bi aya.

To, rabon mijin nan, 3/13, mene ne sunansa? Ba rubu'i ba ne, ba humusi ba ne, babu shi cikin sunaye taran nan, kuma ko ka jingina wani ga wani ba za ka same shi ba. Dole sai dai ka ce kashi 3 cikin 13. Malaman hisabi na da suna kiran irin wannan kasru asammu, wato kurman guntu, don harshe bai yi masa suna ba, masu suna kuma su ce musu munɗaƙ, wanda ake iya furtawa. Amma duk da rashin sunan, 3/13 adadi ne sananne, mun san basɗunsa mun san maƙamunsa, har mun biya mutum haƙƙinsa da shi.

A nan ne ma'anar da masana lissafi suka tsaya a kanta yau ta fito. Duk adadin da za a iya rubuta shi cikakken adadi bisa cikakken adadi, muddin na ƙasan ba sifiri ba ne, shi ake kira munɗaƙ ko adadi mai nisba, a littafinka na boko kuma rashinal. A wannan ma'ana 3/13 ya shiga, rabi ya shiga, tiya biyu da rabi da aka auna maka ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi ta shiga, don 5/2 ce. Cikakkun adadi ma duk sun shiga, 7 ai 7/1 ne, sifiri kansa 0/1 ne. Bashi ya shiga, wanda ake binsa rabin buhu yana da rabi a ƙasa da sifiri. Abin da aka hana kawai shi ne sifiri ya zama maƙamu, dalili kuwa, in ka ce 6 bisa sifiri, kana neman adadin da za a buga shi sau sifiri ya ba da 6, babu shi kuwa. Adadi ɗaya kuma yana iya sa riguna da yawa, 1/2 da 2/4 da 12/24 duk abu guda ne. A mas'alar da ake kira Mimbariyya, wadda ake jingina wa Sayyidina Ali, 24 tana komawa 27, rabon mata ya zama 3/27, wanda in ka tuɓe masa riga tusu'i ne, 1/9.

Yaya za ka gane shi in ya zo maka da ɗigo, irin na kalkuleta? Hanya biyu ce. Ko dai lambobin bayan ɗigo su ƙare, kamar sumuni da yake 0.125, ko kuma su riƙa maimaita kansu, kamar sulusi da yake 0.333 har illa masha Allahu. Gwada raba 3 da 13 da hannunka, za ka sami 0.230769, daga nan sai 230769 ta sake dawowa, haka za ta yi ta yi. Ba mamaki ba ne. Kowane mataki na rabawa yana barin saura, saurar kuma ba ta wuce daga 1 zuwa 12, saboda haka komai daɗewa sai wata saura ta sake fitowa, da ta fito kuwa sai aiki ya koma inda ya taɓa bi. Haka in aka ba ka mai maimaici, kana iya mayar da shi gida. Ɗauki 0.272727, buga shi sau 100 ya zama 27.272727, cire na farko daga na biyu, wutsiya ta cinye wutsiya, saura 27 cif. Ke nan adadin sau 99 shi ne 27, wato 27/99, wato 3/11.

Tafiyarsa gabas

Da ya ga ya ɗauki abin da zai ɗauka, sai ya nemi izinin malaminsa ya kama hanyar hajji. Hajjin wancan zamani ba na jirgi ba ne, mutum yakan shekara ko fiye a hanya. Ya ratsa masarautu da yawa, ya gana da sarakunansu da malamansu, a wani wuri ma ya zauna wata 5 wurin wani shehi yana karatu, cikin abin da ya karanta a can har da wasu littattafan hisabi. Ya rubuta labarin tafiyar tasa. Ya sauke farali a shekara ta 1142 ta Hijira, daidai da 1730, ya zauna a Makka na wani lokaci, sa'an nan ya wuce Alƙahira ya sauka a unguwar Darbul Atrak kusa da masallacin Azhar.

A Alƙahira ya haɗu da Shehu Hasan Aljabarti, mahaifin Abdurrahman, babban malamin Hanafiyya wanda ya shahara da ilmin falaki da lissafi. Wannan malami, da duk matsayinsa a Misra, shi ya zauna gaban Bakatsine ya ɗauki ilmin aufaƙi. Mu mun saba jin ɗan ƙasarmu ya tafi Azhar neman ilmi, ga wanda ya tafi da nasa a jaka aka nema a wurinsa.

Ya wallafa littattafai a fannoni da dama. A nahawu yana da Bulugul Arab. A manɗiƙi ya tsara waƙe mai suna Minahul Ƙuddus, ya kuma yi masa babban sharhi mai suna Izalatul Ubus. Tun da mun ambaci manɗiƙi, bari in nuna maka irin aikin da wannan fanni yake yi a hisabi, don akwai tambayar da na bari a baya: shin akwai adadin da ba mai nisba ba?

Akwai. Auna fili mai gefe huɗu daidai wa daida, kowane gefe igiya 1, ka ja igiya daga wannan kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta. Tsawonta shi ne adadin da in aka buga shi a cikin kansa zai ba da 2, ana ce masa jazrun 2, wato saiwarsa. Gwada 3/2, zai ba ka 9/4, ya wuce. Gwada 7/5, zai ba ka 49/25, ya gaza da kaɗan. Gwada 17/12, zai ba ka 289/144, ya ɗara da ɗan ƙanƙane. Ko ka kwana kana gwadawa ba za ka faɗa daidai ba, ga hujja. Ka san shafa'i da wutiri daga salla, shafa'i mai rabuwa biyu, wutiri mai barin ɗaya. Mu ƙaddara akwai guntun da ya yi daidai, mun kuma tuɓe masa riga har ba ya sake raguwa, ke nan basɗu da maƙamu ba za su zama shafa'i su duka biyu ba. Basɗu a cikin kansa ninki biyu ne na maƙamu a cikin kansa, saboda haka shafa'i ne, shi kansa basɗun ma dole shafa'i ne, don wutiri sau wutiri wutiri yake bayarwa. Shafa'i kuwa in an buga shi a cikin kansa 4 tana raba shi, rabinsa ke nan shafa'i ne, rabin nan kuma shi ne maƙamu a cikin kansa, sai maƙamu ma ya zama shafa'i. Ga su duka biyu shafa'i, alhali mun ce ba haka ba ne. Abin da muka ƙaddara ya rushe. Masu manɗiƙi suna kiran wannan burhanul hulfi, ka kafa kishiyar magana ka bi ta har ta karya kanta.

Irin wannan shi ne jazru asammu, kurman gaske. Lambobinsa na bayan ɗigo, 1.41421 da abin da ya biyo baya, ba sa ƙarewa ba sa kuma maimaici. Kada ka rikita shi da kurman guntu irin 3/13, suna ne ya haɗa su kawai. Kada kuma ka ga an ce jazru ka yanke cewa kurma ne, jazrun 25 ai 5 ne, jazrun 9/4 kuma 3/2. Turawa da suka fassara littattafan Larabawa zuwa Latin sun ɗauki kalmar kurma yadda take, har yau sunan da littafin boko ke kiran waɗannan saiwoyi da shi asalin ma'anarsa kurma. Haka 22/7 da ake ba ku wajen auna da'ira kusantarwa ce kawai, ainihin adadin ba mai nisba ba ne, wani masani mai suna Lambat ya tabbatar da haka a 1761, shekara 20 bayan rasuwar Shehunmu. Wannan bahasi tsoho ne, yana cikin littafin Iƙlidisu na Yunanawa. Littafin kuwa ba baƙo ba ne a ƙasarmu, don a 1826 da Baturen nan Kilafaton ya kai wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kwafensa na Larabci a Sakkwato, Sarki ya shaida masa cewa gidansu sun taɓa mallakar wani da aka kawo daga Makka, gobara ta cinye shi.

Littafin hatimi

Littafin da ya fi ɗaukaka sunan Alkashinawi wurin masana lissafi shi ne Bahjatul Afaƙ, wanda ya kammala wajen 1732, a kan haruffa da aufaƙi. Wafƙi shi ne ka zana gidaje, tsaye da kwance adadinsu ɗaya, ka zuba lambobi ta yadda kowane layi, na tsaye da na kwance da na karkace, jimillarsa ɗaya. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida tara:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Duk inda ka bi 15 za ka samu. Mai gida 25 jimillarsa 65, mai gida 49 jimillarsa 175. Shehu ya bayyana hanyoyin gina masu gefen wutiri, ciki har da wadda ake zuba lambobi ana tsalle irin na doki a wasan shaɗaranji, ya kuma hori ɗalibi da kada ya yanke ƙauna ya bar aiki in ya ga ya ƙi fitowa. Akwai kwafen littafin na rubutun hannu a Landan. Marigayi Hassan Ibrahim Gwarzo, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Kano, ya yi nazari a kan aikin Shehun ya buga a Ibadan a 1967, ta nan ne masana na waje da yawa suka san shi.

Ko a cikin hatimin nan guntun adadi yana laɓe. Dubi gidan tsakiya, 5, sulusin 15 ne, kuma ba dace ba ne. Layi huɗu ne suke ratsa tsakiya. In ka haɗa su ka ɗauki kowane gida sau ɗaya, na tsakiya kuwa sau huɗu. Dukan gidajen tara jimillar layi uku ce, saboda haka rarar layi ɗayan nan ita ce gidan tsakiya sau uku. Ke nan in wani ya ce ka yi masa mai gida tara da zai ba da 18, tsakiya 6, aiki ya tafi. In ya ce 16 fa? Tsakiya dole 16/3, wato 5 da sulusi. Da cikakkun lambobi ba zai taɓa yiwuwa ba, ko wa ya zo. Masu wannan fanni suna kiran irin wannan saura kasru. Amma wanda ya yarda cewa sulusi ma adadi ne, sai ya ƙara sulusi a kowane gida na hatimin da ke sama, kowane layi ya sami ƙarin sulusi uku, wato ɗaya, 15 ta koma 16. Ku gwada a gida ku gani.

A nan dole in faɗi wata magana, don kada wani uba ya ce malam ya boye. Shehu bai ɗauki aufaƙi a matsayin lissafi zalla ba. Shi da yawancin malaman zamaninsa, a nan da Misra, suna ganin akwai asirai a cikin haruffa da lambobi. Yana da wani babban littafi mai suna Addurrul Manzum a kan ɗalasimai da taurari, ya fara shi a Makka ya gama shi a Alƙahira a watan Rajab na 1146, an kuma buga shi daga baya. Wannan ɓangare malamai sun yi magana a kansa tun da daɗewa. Ibnu Haldun ya kusanta ilmin haruffa da sihiri a Muƙaddimarsa, Shehu Usmanu kuma a Nurul Albab ya tsananta a kan masu da'awar sanin gaibu ta hanyar bugun ƙasa ko duban taurari. A kan wannan muke, ba mu koyar da duba a makarantarmu, ba mu kuma tura kowa ya koya. Amma ni a ganina kuskure ne a ce don haka sai a jefar da mutumin gaba ɗaya, ko a riƙa gudun lambobi kamar su ne suka yi laifi. Cewa layin hatimi yana ba da 15 gaskiya ce da kowa zai iya ƙirgawa da yatsunsa. Cewa zai kawo maka ciniki ko ya mallake maka zuciyar wani, wannan da'awa ce daban, ita ce ke bukatar dalili daga shari'a. Hukuncin niyyarsa yana wurin Ubangijinsa, mu namu shi ne mu ɗauki abin da ya tabbata.

Rasuwarsa

A ƙarshen rayuwarsa ya bar Darbul Atrak ya koma gidan ɗalibinsa kuma amininsa Shehu Hasan Aljabarti. A nan ajali ya same shi a shekara ta 1154 ta Hijira, daidai da 1741, shekara 12 bayan hajjinsa, bai sake ganin Katsina ba. Kafin ya cika ya naɗa Shehu Hasan wasiyyi a kan abin da ya bari da kuma littattafansa, waɗancan da ya kwafa da hannunsa masu faɗin layi da waɗanda ya wallafa. Shehu Hasan ya binne shi a Bustanul Ulama, cikin maƙabartar Mujawirin ta Alƙahira inda ake binne malaman Azhar, ya gina alama a kan kabarin ya rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa. Allah Ya jiƙansa Ya gafarta masa, amin.